Awa Goma Sha Ɗaya

Innata Kaushalya ba ta iya rubuta sunanta ba,
amma lamba, ko a duhu.
A ƙofar rumbun tuffa akwai ƙusa,
a ƙusar akwai ma'aunin sanyi mai jan zare a ciki.
Babana Jiya Lal ya sayo shi a Shimla
shekarar da na fara tafiya.

Tsakiyar Nuwamba take buɗe littafi.
Sau huɗu a dare, fitila a hannu, bargo a ka,
ta duƙa, ta hura gilashin, ta goge da haɓar mayafi.
In zaren ya sauko ƙasa da bakwai
ta ja 'yan sanduna da guntun fensir.
In ya zarce sifiri ya nutse, ta rufe littafin.
Wannan ba barci ba ne, in ji ta, suma ce,
itace ba ya ƙirga ta, ni ma ba ruwana.

Dubu da ɗari biyu take nema.
Awa dubu da ɗari biyu na sanyi mai ladabi
kafin itace ya yarda ya farka.
In bai ƙoshi ba
sai ya tashi kamar yaron da aka fizge wa bargo:
wannan reshe ya yi fure, wancan ya kumbura baki,
ƙudan zuma su zo su tarar kasuwa ba ta ci ba.

Bana sanyi ya yi rowa.
Ƙanƙara ta leƙo kan tsauni ta koma.
Baƙi daga Delhi suna shan shayi a bakin hanya,
riga a kafaɗa, suna yabon rana.
Maƙwabcinmu Roshan ya sare layi uku ya dasa rumman.
Ƙanensa ya sayi fili can sama, inda kwalta ta ƙare.
Sanyi hawa yake yi, in ji shi, kamar akuyar da ta tsinke,
mai tuffa sai dai ya naɗe wando ya bi.

Ni kuma na zo da na'ura daga birni,
ba ta fi akwatin ashana ba.
Na ɗaure ta a reshe, tana turo wa wayata lissafi.
Inna ta kalle ta
kamar baƙon da ya zo cin abinci da nasa cokali.

Ƙarshen Fabrairu muka zauna gaban murhu.
Waya ta ce ɗari tara da goma sha huɗu.
Littafi ya ce ɗari tara da uku.
Na yi dariya. Inna, ashe barci ya taɓa sace ki.

Ba ta ce komai ba.
Ta lashi yatsa, ta koma baya, shafi, shafi,
har tara ga Janairu.
Fari fat.

Daren asibitin Rohru ne.
Gado na shida, kusa da taga,
numfashin Baba kamar zugazugin da ya huje.
Na manta kwanan watan. Littafin bai manta ba.

Na ce kawo fensir in cike miki.
Ta kife tafinta a kan shafin.
Itatuwa sun sha rabonsu, in ji ta, ban musa ba.
Amma sanyin daren nan ban gan shi a ƙusa ba.
A tafin ƙafarsa na same shi,
na murza, na murza, yana hawa.
Ba na sa shi a lissafin tuffa.

Itacen murhu ya fashe, ya huce.

Da nata da nawa, duk ba mu kai ba,
saura kusan ɗari uku,
ga 'yan tohon sun fara kumbura ba a tashe su ba.
Roshan ya aiko a tambaya ko muna son dashen rumman.
Inna ta ce a ce masa sai an ga fure.

Jiya cikin dare na ji ƙarar sakata.
Ta taga na hango fitilar tana gangara.
Ta tsaya a ƙusa, ta daɗe,
sannan ta wuce zuwa tsohon itacen da Baba ya ɗaura wa reshe,
ta dafa shi da bayan hannu
kamar mai duba zazzaɓi.